Wa Ya Raɗa Wa Aure Suna?

Karatun yau: Farawa 2:18-25, Matiyu 19:3-9
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:4

 Karatun yau ya fi na sauran ranaku tsawo, saboda haka ka nemi wuri ka zauna. Ka fara buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan biyu da ke sama, ko da kana ganin ka san su tun kana makarantar Lahadi. Sa'an nan mu yi magana.

A shekarun nan majalisun dokoki na ƙasashe da dama sun duƙufa a kan wani aiki da ba ya yin ƙara. Suna buɗe tsofaffin dokokin aure, da na gado, da na haraji, da na fansho, suna bin su layi-layi. Inda suka ga "miji" sai su goge, inda suka ga "mata" sai su goge, su sa wata kalma ta harshensu wadda ba ta nuna namiji ko mace. Inda doka ta ce aure tsakanin namiji ne da mace, sai a mai da shi tsakanin mutum biyu. Ba su ɓoye dalili ba: domin hukuma ta amince da auren namiji da namiji, da na mace da mace, wanda muke kira auren jinsi.

Ƙasar Holan ce ta fara halatta irin wannan aure, ranar 1 ga Afrilu 2001. Kanada ta bi sahu a 2005, dokarta ta ce aure haɗuwar mutum biyu ce. A 2006 Afirka ta Kudu ta zama ta farko a nahiyarmu, bayan kotun tsarin mulkinta ta ba majalisa wa'adin shekara guda ta gyara doka. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 2014, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta cire miji da mata daga dokar iyali ta jihar. Shekara na zagayowa, ranar 26 ga Yuni 2015, Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce dole kowace jiha ta amince da auren jinsi. Kada kuma ka ce abin Turawa ne kaɗai. A Tailan, can Asiya, ƙasar da yawancin mutanenta mabiya addinin Buda ne, dokar da ta fara aiki ranar 23 ga Janairu 2025 ita ma ta sauya kalmomin nan. Yau ƙasashen da suka bi wannan hanya sun haura talatin.

Ya kamata ka san hujjarsu yadda suke faɗinta, domin mai bi ba ya kāre gaskiya da ƙage. Suna cewa tun da kotu ko majalisa ta riga ta yarda da auren, tsofaffin kalmomi suna kawo ruɗani. Idan ɗaya ya mutu, wa zai ci gado? Idan ɗaya yana kwance asibiti bai san inda kansa yake ba, wa zai sa hannu a yi masa aiki? Wa zai karɓi fansho? A ganinsu gyaran takarda ne kawai, da kuma adalci ga kowa. Ni kuwa na ce abin ya wuce gyaran takarda. Bahaushe yakan ce an canza wa tuwo suna, wato abu yana nan yadda yake, suna ne kawai sabo. A nan akasin haka aka yi. An bar sunan, ana ce masa aure har yanzu, tuwon aka canza.

Da na zauna ina neman yadda zan faɗa maka sabuwar kalmar tasu da Hausa, sai abin ya ba ni dariya. Na ce abokin aure, na ga namiji ne. Na ce abokiyar zama, na ga mace ce. Ma'aurata kaɗai na samu, ita ma sai an haɗa mutum biyu. Harshenmu yakan sa ka zaɓi kai ko ke in kana magana da mutum, ko haihuwa aka yi kuwa tambayar farko ita ce, me aka samu? Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Harshe ba ya tsare zuciya.

Yanzu koma ga Farawa. Ka lura da wanda ya fara ganin akwai rashi. Adamu bai kai ƙara ba, bai ma san abin da yake bukata ba. Allah ne ya dubi kaɗaicinsa ya ga ba daidai ba ne, kuma shi ne karo na farko a labarin halitta da aka ce wani abu bai yi kyau ba. Aka kawo wa Adamu dabbobi da tsuntsaye, ya raɗa wa kowanne suna, duk a cikinsu bai sami wanda ya dace da shi ba. Sai Allah ya sa shi barci. Ka ji ko? A lokacin da ake shirya auren farko, ɗan Adam barci yake yi. Ba a nemi shawararsa ba, ba a kaɗa ƙuri'a ba. Ya farka ya tarar Allah ya gama aiki, ya kuma kawo masa ita da kansa, kamar yadda uba yake miƙa 'yarsa. Ba wani Adamu aka kawo masa ba. An kawo masa wadda take daga jikinsa, daidai da shi a daraja, dabam da shi a halitta. A lokacin nan babu sarki, babu majalisa, babu alƙali, ko haikali ma babu. Aure ya girmi gwamnati. Gwamnati ta zo ne ta same shi, aikinta ta rubuta shi a rajista, ta tsare haƙƙin mata da yara, ta raba gardama in ta taso. Magatakardan da ke rubuta sunan jariri ba shi ne ya haife shi ba.

A Matiyu 19 Farisiyawa sun zo wa Yesu da tambayar doka: ko ya halatta mutum ya saki matarsa a kan kowane irin dalili? A zamanin nan malaman Yahudawa sun rabu gida biyu. Almajiran Shammai suka ce sai a kan lalata. Almajiran Hillel suka sassauta, har suka ce ko abinci ta ɓata masa ya isa dalili. Dukansu kalmomin Maimaitawar Shari'a 24 suke jayayya a kai, kowa yana jan kalma wajen da ya ga dama, kamar yadda lauyoyi suke yi har gobe. Yesu bai shiga wannan layin ba. Ya tsallake Hillel, ya tsallake Shammai, ya mai da su can farko, ya tuna musu cewa Mahalicci namiji da mace ya yi su, kuma shi ne mai haɗa su, don haka ɗan Adam ba shi da hurumin warwarewa. Suka ce, to, ai Musa ya yarda da takardar saki. Amsar da ya ba su ita ce mabuɗin karatunmu na yau. Ya ce taurin zuciyarsu ne ya sa Musa ya yarda, amma tun farko ba haka aka tsara ba. Ka ga, ko shari'ar Musa tana da wurin da ta sassauta saboda halin mutane. To, ina ga dokar majalisa? Doka takan bi zuciyar mutane a baya, kamar yadda amalanke yake bin shanu. Inda zuciya ta nufa, nan takarda za ta je, ko yau ko gobe. Halal a kotu dabam, nufin Allah dabam.

Me ya sa kalmomin nan biyu suke da nauyi haka? Bulus ya buɗe mana asirin a Afisawa 5. Ya ce aure hoto ne na Kristi da ikilisiya. Miji yana tsaye a matsayin wanda ya ba da ransa, mata a matsayin wadda aka fansa aka ƙawata. Littafi Mai Tsarki ya fara da aure a gonar Aidan, ya kuma ƙare da bikin auren Ɗan Rago a Ru'ya ta Yohanna 19. Daga farko har ƙarshe ango ne da amarya. Haleluya! Saboda haka duk gidan mai bi wa'azi ne da ake yi ba tare da bagade ba, maƙwabta kuma suna sauraro dare da rana. Wanda ya goge ango da amarya, hoton bishara ya taɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san abin da kake cewa a ranka: Allah mun gode, mu a nan muna da doka. Gaskiya ne, a Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, da hukuncin ɗaurin shekara 14, kuma da yawa cikinmu suka ce shi ke nan, an rufe ƙofa. Amma bari in tuna maka. A 1996 Shugaba Bill Clinton na Amurka ya sa hannu a dokar da ta ce, a wurin gwamnatin tarayya, aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. 'Yan majalisa na jam'iyyu biyu suka goyi bayanta da gagarumin rinjaye. A Disamba 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta soke ta. Shekara 26 ke nan kacal. Yaron da aka haifa a shekarar dokar farko bai kai talatin ba aka binne ta. Abin da alƙalami ya rubuta, alƙalami yana iya sokewa. In bangaskiyarka a kan Abuja ta jingina, ranar da Abuja ta juya, ina za ka tsaya? Kuma ka faɗa mini, wace doka ce ta taɓa ba mutum sabuwar haihuwa? Kurkuku yana iya ɗaure ƙafa, jinin Yesu ne kaɗai yake wanke zuciya.

Akwai wani abu a tarihin Kalifoniyar nan da na ambata wanda ba a cika faɗa a majami'u ba. Jihar da ta goge miji da mata a 2014, ita ce jiha ta farko a Amurka da ta yi dokar rabuwar aure ba tare da an nuna laifin kowa ba. Gwamna Ronald Reagan ne ya sa mata hannu a 1969. Tun da dokar ta fara aiki ya isa mutum ya ce mun kāsa jituwa, kotu ta raba. Wato shekara 45 kafin a taɓa "namiji da mace", an riga an taɓa "har mutuwa ta raba". Su wa suka yi wannan? Maza ne da mata masu auren juna, da yawansu kuma masu zuwa sujada. Aure ya tashi daga alkawari a gaban Allah ya koma yarjejeniyar jin daɗi, in daɗi ya ƙare kowa ya kama gabansa. Da zarar aure ya zama haka, da wace hujja za ka ce sai namiji da mace? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To, yanzu mu dubi namu bangon, domin shari'a daga gidan Allah take farawa, kamar yadda 1 Bitrus 4:17 ta gargaɗe mu.

Kai maigida, takardar aurenka tana cikin akwati, an rubuta "miji" a kai, babu majalisar da ta goge. Amma kai fa? Ka fita tun asuba ba ka bar kuɗin cefane ba, ga shi ba ka rasa na nama da lemo a bakin titi ba. Wayarka tana da kulle uku, in ta yi ƙara sai ka fita waje. Kana da wata a wata unguwa, kana biya mata kuɗin haya, 'ya'yanka kuma an koro su daga makaranta. Ran Asabar ka ɗaga hannu ka mari uwar 'ya'yanka, ran Lahadi ka ɗaga hannun nan kana yabon Ubangiji. Ɗan'uwa, ka riga 'yan majalisar Turai goge kalmar. A zamanin Malakai mutane sun jiƙa bagade da hawaye suna tambaya me ya sa Allah ba ya karɓar hadayarsu, annabi ya ce musu domin Ubangiji ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, wadda ya ci amanarta. Ka karanta Malakai 2:13-16. Bitrus ma ya ce rashin girmama mace yana toshe addu'ar miji. Wataƙila azumin kwana bakwai da kake yi don buɗewar hanya ba shi kake bukata ba. Ka shiga ɗaki ka ce mata, ki gafarce ni.

Ke kuma uwargida, bakin da kike rera waƙa da shi a zumuntar mata, shi ne kike tsige mijinki da shi a gaban yara domin samunsa ya ragu? Asirin ɗakinki yana wurin ƙawaye, yana wurin uwarki, har a Facebook. Ki tuba. Amma ki ji ni da kyau, ke da ake duka: Allah bai ce ki zauna a kashe ki ba. Ki nemi wurin tsira ke da yaranki, ki gaya wa dattawa, in ta kama a kai ga hukuma a kai. Dattijon da ya ce miki ki koma ki yi shiru alhali ranki yana cikin haɗari, bai yi miki maganar Ubangiji ba.

Iyaye ma suna da nasu. Yaro ya zo da niyya mai kyau, kun miƙa masa takardar kayan aure mai tsawon zira'i, ga sadaki, ga akwatuna, ga abin da dangin uwa za su ci, ga na dangin uba. Ya yi shekara biyar yana tarawa. Kafin ya gama, yarinya ta koma ɗakinsa ba ɗaurin aure, sai ku ce yaran zamani sun lalace. Mu masu hidima ma ba mu fita ba. Muna iya yin awa guda muna tsawa a kan Amurka, mu kāsa yin minti biyar da attajirin da ke kujerar gaba wanda kowa ya san inda yake kwana, domin zakkarsa ce take rufa ginin majami'a. Laifi tudu ne. Ubangiji ya yi mana jinƙai.

Kada kuma mu ɗauka ikilisiya ba ta iya sauya kalmominta. A babban taronta na 2024 a Amurka, ikilisiyar United Methodist ta cire hanin da ta daɗe da shi, ta kuma faɗaɗa ma'anar aure a koyarwarta har ta haɗa da mutum biyu manya ko da jinsinsu ɗaya ne. Girgizar ta iso har Taraba, inda ikilisiyar take da dubban mabiya masu yin sujada da Hausa kamar mu. 'Yan'uwa suka rabu, aka shiga jayayya a kan majami'u da kadarori, abin ya kai ga tashin hankali. Ban kawo wannan don mu yi musu dariya ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Ka san abin da ka gaskata, ka san inda yake a rubuce, ka koya wa 'ya'yanka tun kafin waya ta koya musu. Ka kuma lura yadda Shaiɗan yake cin riba sau biyu: waɗansu ya janye su daga gaskiya, waɗansu ya sa su kāre gaskiya da sanda.

Wataƙila kana karanta wannan ɗan littafi a Ingila ko Kanada, inda karatu ko aikin jinya ya kai ka, ko kuwa ɗanka ne yake can. Kullum kana cike takardun da babu miji babu mata a ciki, kana aiki da mutanen da suke cikin irin wannan aure. Yaya za ka yi? Ka dubi Daniyel. A Babila an sauya masa suna zuwa Belteshazzar, abokansa aka mai da su Shadrak, Meshak da Abednego. Sun koyi harshen ƙasar, sun yi wa sarki aiki da aminci har suka fi kowa. Ba su yi faɗa a kan kowane abu ba. Amma sun san inda iyakarsu take, kuma tun kafin ranar gwaji suka ƙudura a zuciya. Da aka kafa dokar hana addu'a ta kwana 30, Daniyel bai zagi sarki ba, bai tara jama'a ba, ya hau ɗakinsa ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba, ya kuma yarda ya biya kuɗin abin da ya yi. A Satumba 2015 wata ma'aikaciyar rajistar aure a jihar Kentaki, Kim Davis, 'yar Pentikostal, ta ƙi ba da takardun aure bayan hukuncin Kotun Ƙoli, alƙali ya sa aka tsare ta kwana biyar. Masu bi sun yi saɓani a kanta, waɗansu suka ce ta kyauta, waɗansu suka ce da ta ajiye aikin ya fi. Abin da nake so ka gani shi ne, nan da nan 'yan jarida suka tono cewa aurenta ya mutu sau uku kafin ta tuba. Mun gaskata jinin Yesu ya share na baya. Amma duniya gidanka take fara leƙawa kafin ta saurari bakinka. Ka yi aikinka da kyau, ka girmama kowa, majinyaci ko wane ne ka kula da shi kamar Kristi ne a kwance. In an tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa da tawali'u, kada ka yi ƙarya.

Akwai abin da dole in faɗa, ko da waɗansu ba za su ji daɗi ba. Tsayawa a kan gaskiyar aure ba lasisin ƙiyayya ba ne. Muna jin labarin samari suna tare wanda ake zargi, su yi masa tsirara, su doke shi, su ɗauki hotonsa a waya su yaɗa, waɗansu kuma su riƙa tatsar kuɗi a hannunsa don kada su tona. Idan mai bi yana cikin wannan taro, ba Ruhu Mai Tsarki ne ya kai shi ba. Ka tuna waɗanda suka zo da duwatsu a Yohanna 8, da yadda suka zame ɗaya-ɗaya, manya a gaba. Yesu bai ce wa matar ta yi daidai ba, ya ce ta daina zunubi, amma sai da ya tsaya tsakaninta da duwatsu tukuna. Muna son karanta Romawa 1, inda Bulus ya yi magana a fili a kan maza da mata da suka bar tsarin halitta. Ka ci gaba zuwa ayar farko ta sura 2, za ka ga ya juyo kan mai yanke wa wani hukunci. A 1 Korintiyawa 6:9-11 ya jera wannan zunubi a layi ɗaya da zina, sata, haɗama, maye, zage-zage da zamba, ya kuma ce wa 'yan ikilisiyar haka waɗansunsu suke a dā kafin a wanke su. Ashe a majami'ar Korinti akwai irin waɗannan mutane, an yi musu wa'azi, an karɓe su, suna cin Jibin Ubangiji. Da an kore su da duka, wa zai kai musu bishara? Bulus ya yi hidima a zamanin Sarki Nero, wanda marubutan tarihin Roma suka ce har bikin aure ya yi da namiji. Duk da haka abin da manzo ya umarta shi ne a yi wa sarakuna da masu mulki addu'a.

Kai kuma da kake karanta wannan zuciyarka tana bugawa, domin kai ne kake fama da wannan sha'awa a ɓoye, ko ke ce, shekara da shekaru, babu wanda ya sani. Kana cikin mawaƙa, kana zuwa addu'ar dare, duk ranar da aka taɓo maganar a bagade aka yi dariya, sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Allah ya san sunanka, bai kuwa yi ƙyamarka ba. Cikin kamanninsa aka yi ka, dominka Kristi ya mutu. Ba zan yi maka ƙarya in ce abin da Maganar Allah ta hana ya zama halal ba. Ba zan kuma yi maka alkawari cewa gobe da safe za ka tashi ka ga yaƙi ya ƙare ba. Jaraba dabam, faɗuwa dabam, Ubangijinmu kansa an jarabce shi. Kowane mai bi yana da gicciyen da yake ɗauka, alherin Allah kuma ya isa naka. Kada ka ɗauko 'yar mutane ka aura don ka rufe bakin jama'a alhali ba ta san kome ba. Ka nemi mutum ɗaya, balagagge cikin Ruhu, mai riƙe asiri, ku riƙa addu'a tare. In tunanin kashe kanka yana zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani yau, ka ga likita. Ranka yana da tsada a gaban Allah.

Uba, uwa, in ɗanku ne ko 'yarku, kada ku jefa kayansa waje. Titi ba zai nuna masa Yesu ba. Fasto, dattijo, in wani ya buɗe maka cikinsa, amana ce. Kada ta zama misali a wa'azin Lahadi, kada ta zama hira tsakaninka da matarka.

Kafin ka kwanta yau, in kana da aure, ka kama hannun matarka, ke ma ki kama na mijinki, ku karanta Afisawa 5:21-33 tare, kowa ya karanta sashen da ya shafe shi, ya bar wa ɗan'uwansa nasa. In ba ka yi aure ba, ka zaɓi gida ɗaya a ikilisiya da ka san yana girgiza, ka ambaci sunansu a gaban Ubangiji.

Addu'a: Ya Uba, kai ne ka kawo Hawwa'u wurin Adamu. Ka shiga gidana da wutar Ruhunka, ka ƙone kowace cin amana da taurin zuciya. Ka ba shugabanninmu da 'yan majalisarmu tsoronka. Ka riƙe 'ya'yanmu da suke baƙunci a ƙasashen nesa kamar yadda ka riƙe Daniyel. Ka warkar da 'yan'uwanmu na Taraba. Ka cire dutse daga hannuna. Wanda yake kuka a ɓoye a cikinmu, ka aiko masa da ɗan'uwa mai aminci a makon nan. A cikin sunan Yesu Kristi na roƙa. Amin.